Kafin ka saka wa kujerar motarka hita

Tunda hunturu ya kama, mutum uku suka yi min tambaya iri ɗaya: wai za a iya saka wa kujerar mota hita alhali ba da ita ta zo ba? Amsa a taƙaice: eh, ana sakawa. Ni gyaran wayar hannu nake yi, ba rewaya ba, amma wuta ɗabi'arta ɗaya ce, ko a kan fanel ɗin salula take ko a ƙarƙashin kujerar Corolla. To bari in gaya maka abin da na sani kafin ka miƙa wa wani makullin motarka.

Mutumin Sakkwato zai ce hitar me kuma a wannan ƙasar? Amma direban da ke ɗaukar hanya da asuba daga Jos a watan Janairu, ko mazaunin Gembu a kan tsaunin Mambila, ya san yadda kujerar leda ke zama kamar ƙanƙara. Kuma abin ba sabo ba ne. Cadillac ta fara sayar da shi a Amurka tun 1966, Saab ta ƙasar Suwidin kuma ta mayar da shi kayan mota na yau da kullum a 1972. Shi ya sa kafin ka kashe ko sisi, ka fara duba motarka. Da yawa daga cikin tokumbo ɗin da ke zuwa daga Kanada da Jamus da hitarsu suke zuwa. Nemi madanni mai hoton kujera da 'yan layuka masu lanƙwasa a samanta. Wani ya shekara biyar da mota bai taɓa danna shi ba.

In babu, zaɓi biyu gare ka. Akwai shimfiɗar da ake ɗorawa a kan kujera a jona ta a soket ɗin da kake saka caja. Akwai kuma wadda ake cire rigar kujera, a manna ta a kan soso, a mayar da rigar. Dukkansu aikinsu ɗaya: siririyar waya ko zaren kabon da ke yin zafi in wuta ta bi ta ciki, sai ɗan na'urar da ke yanke wutar in zafin ya kai iyaka.

Yanzu ga lissafin da nake so ka riƙe. Kujera ɗaya takan ci wajen wat 50 in an ƙure ta. Raba 50 da bolt 12 na mota, ka samu amfiya 4 da ɗan ɗoriya. Kujera biyu, amfiya 8 ke nan zuwa 9. Caja mai sauri da kake gani a matsayin wata babba, wat 25 ce. Ma'ana kujerun nan biyu kamar ka jona caja huɗu ne lokaci guda, kuma ba sa ragewa don sun cika. Shi kuwa soket ɗin mota yawanci fiyus ɗinsa amfiya 10 ne ko 15. In ka kawo mai raba soket ka haɗa shimfiɗa biyu, da caja, da abin busa taya, fiyus zai tsinke.

A nan mutanenmu ke shiga uku. Wani direban haya ya taɓa kawo min wayarsa ba ta caji. Na buɗe, aisin caji ya ƙone. Na ce ya kawo cajar da yake amfani da ita a mota, sai ga bakinta ya narke ya yi baƙi. Muka leƙa akwatin fiyus na motar, ashe wanda ya yi masa aiki ya gaji da canza fiyus, sai ya naɗe ƙafafunsa da zaren wayar wuta. Na ce masa, "Yallaɓai, wannan ba gyara aka yi maka ba, maigadi aka kora." Fiyus fa an yi shi ne don ya mutu a madadin wayar wuta. In ka hana shi mutuwa, wayar ce za ta yi ja, roba ta narke, kuma a ƙarƙashin kujera abin da ke kusa da ita soso ne da kafet.

Don haka in na cikin kujera za a saka maka, ka tsaya a kan mai rewaya sai ka ga abubuwan nan da idonka.

Na farko, layinta daban da fiyus ɗinta daban, kuma fiyus ɗin ya zauna kusa da inda aka ɗebo wutar, ba can ƙarshen waya ba. Launinsa ma zai gaya maka girmansa: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Abin da takardar kayan ta ce shi za a saka. Kada a ƙara.

Na biyu, a bi ta rile. Ƙafa mai lamba 30 daga batir, 87 zuwa hita, 85 da 86 kuma su ne ke karɓar umarni daga layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli. Amfanin haka, kana kashe mota hita ta mutu. In aka jona kai tsaye daga batir, ranar da ka manta da ita a kunne ka kwana, amfiya 8 za ta tsotse batir mai amfiya-awa 60 kafin gari ya waye. Da safe sai turi.

Na uku, kauri da haɗin waya. Kada ka yarda da siririyar wayar sifika. Kada ka yarda da murɗa-ka-naɗe-da-salatif. Mu a shago mun sani, haɗin da bai kama da kyau ba shi ke fara zafi tun kafin komai. A yi walda da dalma ko a matse da maƙalli, a rufe. Kuma ka tuna kujera tana gaba tana baya a kan ƙarfe. A bar wa wayar sarari, a ɗaure ta nesa da layin dogon, in ba haka ba wata rana ƙarfen zai yanka ta.

Na huɗu, duk wata waya ko soket mai launin rawaya a ƙarƙashin kujera na jakar iska ne, wadda ke fashewa ta tare ka in an yi hatsari. Ba a ɗiban wuta daga nan, ba a gwada shi da fitilar gwaji. Kafin a cire kujera a fara cire kan batir na negatif, a jira 'yan mintoci. Sannan kujerar mai zaman banza a motoci da yawa tana da na'urar da ke gane ko da mutum a kai. In aka danne ta da hita ba tsari, motar na iya ɗauka babu kowa, jakar ta ƙi buɗewa ranar da ake buƙatarta. In mai aikin bai san da wannan ba, a saka wa ta direba kaɗai a bar ɗayar.

Saura jikinka. Zafin digiri 44 ba ya sa mutum ihu, amma in ya daɗe sa'o'i a kan fata yana ƙona ta. Mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka yi rauni, da tsoho, da yaron da barci ya kwashe, ba lallai su ji ba sai aikin gama ya gama. Ka kunna ta minti goma, kujera ta yi ɗumi, ka rage ko ka kashe. Kada ka ɗora bargo ko filo a kai, kada ka durƙusa da gwiwa a kan kujerar, don nan ne zaren ke karyewa ya riƙa tara zafi wuri guda.

In ka tambaye ni ra'ayina, sanyinmu na wata biyu ne zuwa uku. Ga yawancinmu shimfiɗa ɗaya mai kyau a soket ta wadatar, hunturu na wucewa ka naɗe ta ka ajiye, ba a yanka waya ko ɗaya ba. Na cikin kujera kuwa sai ka samu mai aikin da in ka ce masa ina fiyus ɗin, zai nuna maka da yatsa, ba ya ce maka "ka bar min kawai, Alhaji" ba. Allah Ya tsare mu a hanya.