Targaɗen da ba a ja ba

Da na faɗa wa Hajiyarmu a waya cewa na yi targaɗe, ba ta fara da sannu ba. Ta ce, "Garin yaya?" Na ce gudu nake yi. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Wa ya koro ka?" Na ce ba kowa, Hajiya. "To kai da 'ya'yanka uku, ka tashi da duku-duku cikin sanyin nan kana gudu ba mai binka, ai dole ƙafa ta yi maka magana." Sai a lokacin ta yi mini sannu, ta ce in nemi mai gyara ya ja mini ita kafin ta kwana.

A Leeds nake zaune, a arewacin Ingila, kuma abin ya same ni ne a gefen hanyar ruwan da aka haƙa daga nan zuwa Liverpool, mil 127, wadda aka kammala a 1816 domin jiragen dakon kaya. Yanzu masu keke da masu sassarfa ne suka gaji bakinta. Watan Nuwamba ne, ganye ya zube ya jiƙe ya rufe wani ɗan rami. Tafin ƙafar dama ya juya ciki, na ji ƙas, na zauna daɓas. Kafin in ɗingisa zuwa gida idon sawun ya haye kamar an hura shi.

Ba wannan ne targaɗena na farko ba. Ina ɗan shekara 12 na yi irinsa a filin ƙwallon unguwarmu a Kano, aka goya ni zuwa zauren wani dattijo mai ɗori wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Har yau ina tuna ƙamshin man shanun da ya murza a tafinsa. Ya yi tofi, ya shafa, yana tambayata ajina nawa a makaranta, ina cikin ba shi amsa ya fizgi ƙafar. Yayyena biyu suka danne ni, ihuna har bakin titi. Ya ɗaure da tsumma ya ce, "Tashi ka taka, ta koma." Na taka kuwa. Aka ba shi abin goro, aka ce a riƙa gasa mini da ruwan zafi safe da yamma.

Da wannan tunanin na shiga asibiti a Leeds, ina jiran wanda zai kama ƙafar ya yi mata wani abu. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ni ta danna bayan ƙasusuwan nan biyu da suka turo a gefen idon sawu, ta danna wasu wurare biyu a kan ƙafar, ta ce in yi taku huɗu. Na yi ina cije baki. Ta ce babu bukatar hoto. Daga baya na gane cewa ba rowa ta yi mini ba: ƙa'ida ce da likitocin Ottawa na Kanada suka fitar a 1992, cewa wanda zai iya taku huɗu kuma ƙashin bai yi zafi a waɗancan wuraren ba, da wuya a ce karaya ce. Ta ba ni takarda, ta ce in ɗora ƙanƙara, in ɗaga ƙafar sama, in fara takawa da zarar na iya. Ba zan ɓoye ba, na fito ina jin kamar an sallame ni ba a yi mini komai ba. Mu da muka saba da gashi da ruwan zafi, a ce ƙanƙara, a garin da shi kansa firiji ne!

Ƙanƙarar ma ashe ba ta da tabbas kamar yadda takardar ta nuna. Likitan Amurkan da ya yaɗa wannan shawara ta hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa, Gabe Mirkin, a 1978 ya rubuta ta, kuma a 2014 shi da kansa ya dawo ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa. Na ji daɗin wannan labarin fiye da yadda ya kamata.

Ainihin bambancin ya bayyana mini ne a ɗakin likitar gashin ƙashi, mako 3 bayan nan. Na ba ta labarin dattijon unguwarmu. Ba ta yi dariya ba, ta ɗauko wata ƙafar roba ta nuna mini jijiyoyin da suka ɗaure ƙashi da ƙashi ta gefen waje. Ta ce a targaɗe irin nawa babu abin da ya goce balle a mayar da shi, jijiya ce ta tale ko ta ɗan yage, kuma ja ba ya ɗinke yaga. Sannan ta ce in tsaya da ƙafa ɗaya in rufe ido. Da ta hagu na tsaya cak. Da ta dama ko daƙiƙa 3 ban yi ba na kama bango. Bayaninta shi ne, jijiyar ba igiya kawai ba ce, a cikinta akwai 'yan aike da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take da yadda ƙasa ta karkata. In ta ji rauni saƙon sai ya riƙa makara, shi ya sa wanda ya yi targaɗe sau ɗaya yakan yi ta maimaita shi a ƙafa guda. Na tuna sau nawa wannan ƙafar ta dama ta ci amanata tun daga wancan zauren. Ashe zafin ne ya tafi tun ina yaro, aikin bai ƙare ba.

Abin da ta ba ni aikin gida ne, kamar ɗan firamare. In rubuta baƙaƙen abacada a iska da babban yatsa. In ɗaura wata roba mai talewa in riƙa tura ƙafar waje. In yi ɗage a kan matattakala in sauko a hankali. In tsaya da ƙafa ɗaya duk lokacin da nake goge baki, har yarana suka raɗa mini suna Shamuwa. Ba wanda ya danne ni, ba wanda ya yi ihu, kuma ba ranar da wani ya ce mini ta koma. Wannan ne na fi rasawa. Mai ɗori yana ba ka rana guda da za ka ce a ranar aka gyara ni, ya kuma ɗauke maka nauyin a hannunsa. Ba ina wanke sana'ar ba ne gaba ɗaya, don likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa kan ɗaurin da ake tamkewa har jini ya daina gudana, wani lokacin a rasa hannu ko ƙafa. Amma wanda ya ce mutanenmu jahilci kawai ke kai su zauren nan bai taɓa zama da takardar motsa jiki shi kaɗai a falo ba, mako 8, ba mai tambayarsa.

Akwai kuma tambayar me ake so ƙafar ta koma yi. A gida, in ka iya zuwa masallaci da kasuwa, ka iya zaman tahiya ba ka yamutsa fuska ba, ka warke. Ita kuwa likitar tambayarta ta farko ita ce kilomita nawa nake yi a mako, kuma ta ɗauki komawata gudu a matsayin bukata ta gaske, ba shashanci ba. Ta ce ba zan fara ba sai na iya tsalle da ƙafa ɗaya babu zafi. Da na fara, wani tsari na hukumar lafiyar Ingila mai mako 9 na bi, wanda aka yi wa waɗanda ba su taɓa gudu ba: minti 1 sassarfa, minti 1 da rabi tafiya. Alƙalin kuma ba ranar gudun ba ne, washegari ne. In na tashi ƙafar ta kumbura, na yi gaggawa ke nan, sai a koma baya.

Sai batun dubiya. A Kano da gidan ya cika, wannan da lemo, wannan da labarin kawunsa da ya yi irin wannan, kowa da maganinsa. A Leeds maƙwabcina ya gan ni da sanda ya ce ayya, ya shige. Abokin guduna ne, wani Bature tsohon direban bas, ya turo saƙo cewa ana neman masu taimako ranar Asabar. Yana nufin parkrun, gudun kilomita 5 na kyauta da ake yi da ƙarfe 9 na safe a wuraren shaƙatawa a faɗin ƙasar. Asalinsa ma daga ƙafar da ta ji ciwo ne: Paul Sinton-Hewitt ya fara shi a Bushy Park ta Landan a Oktoban 2004 da mutum 13, a lokacin da rauni ya hana shi gudu, sai ya riƙe agogo don kada ya rabu da abokansa. Haka na tsaya a wata kwana a Woodhouse Moor cikin riga mai ƙyalli ina nuna hanya, ɗaruruwan mutane suna wucewa suna haki suna yi mini godiya. Da aka tashi, a wurin shan shayi, kowa ya kewaye ƙafata. Wannan ya ce iyo, wannan ya ce keke, wata tsohuwa ta naɗe wando ta nuna mini tabon aikinta. Dubiya ce sak, sai dai a nan mai ciwon ne yake tashi ya kai kansa.

Makonni bayan haka suka ba ni aikin mai bin baya, wanda ke tafiya a ƙarshen kowa don kada a ce wani ne ya zo na ƙarshe. Na gama cikin kusan awa guda tare da wata mata da jikarta. Da yamma Hajiya ta kira ta ce yaya ƙafa. Na ce da sauƙi, yau ma na fita, amma ni ne a bayan kowa.

"Au," ta ce, "yanzu kai ne kake korarsu?"