Dokin hawan Sallah daban, dokin jinya daban

Ƙanwata ta kammala digirin farko a fannin koyar da yara masu buƙata ta musamman, sai ta ce tana son ƙaro karatu a kan gyaran magana ta hanyar amfani da doki. Dalilinta a gida yake. Ɗan yayarmu da ke Zakirai shekararsa 6, an haife shi da raunin ƙwaƙwalwa da ya sandarar masa da gaɓɓai, kuma har yau kalmominsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da yake ni ce ma'aikaciyar asibiti a gidan, ni aka ɗora wa neman inda ake koyar da abin.

Abin da na tarar shi ne ba daga doki ake farawa ba. Masana na kiran hanyar hipoterapi, kuma ba sana'a ce mai zaman kanta ba, kayan aiki ne a hannun wanda ya riga ya ƙware a gashin ƙashi ko gyaran magana. Ƙungiyar hipoterapi ta Amurka, wadda aka kafa a 1992, gajerun kwasa-kwasai take ba irin waɗannan ƙwararru, su ɗora a kan lasisin da suke da shi. Saboda haka ɗalibi a nan gida zai fara ne da karatun ji da magana, irin wanda Sashen Ilimi na Musamman na Jami'ar Ibadan ke bayarwa a matakin gaba da digiri, sannan ya yi rajista da hukumar MRTB mai kula da ƙwararrun farfaɗo da marasa lafiya a Najeriya. Doki sai daga baya. Ƙanwata ba ta ji daɗin wannan labari ba, amma a ganina tsarin daidai ne.

Me ya haɗa doki da harshe? Magana ba a baki kaɗai take ba. Sai gangar jiki ta tsaya, wuya ya riƙe kai, numfashi ya fita a hankali, sannan sauti ya zama kalma. Doki mai tafiya a natse yana yin taku kusan 100 a minti, kowane taku yana karkaɗa ƙugun wanda ke bayansa kamar yadda tafiyar ƙafa ke yi. Jikin yaro na ta gyara zama, mai gyaran magana kuwa yana amfani da wannan lokaci ya sa shi furta sauti. Hujjar amfaninsa ta fi ƙarfi a kan zama da daidaiton jiki. A kan magana ba ta kai haka ba, ko da yake wani gwaji da aka yi a Kolorado, aka wallafa a 2015, ya nuna yara masu lalurar otizim sun ƙara yawan kalmomi bayan mako 10 na hawa.

To, mu a ƙasar Kano doki ba baƙonmu ba ne, kuma a nan haɗarin yake. Da dangi suka ji labari, nan take wani kawunmu ya ce a ɗora yaron a kan dokin maƙwabci. Dokin hawan Sallah ingarma ne da aka horar ya yi sukuwa, ya yi tirjiya, ya ɗaga ƙafafu idan ya ji linzami. Dokin jinya kuwa mai sanyin hali ake nema, da mutum ɗaya mai jansa, biyu a gefe suna tare yaro, da hular kwano a kansa.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi aikina. Yaron da ke da farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba, ba a ɗora shi. Magungunan sassauta jijiya irin su baclofen da diazepam, da na farfaɗiya irin su carbamazepine, suna iya kawo barci da jiri, musamman a makonnin farko ko bayan an ƙara awo. Yaro mai lalurar Down sai likita ya duba ƙashin wuyansa, domin a wasunsu gaɓoɓin saman wuya ba su da ƙarfi. Ɗan yayata yana shan biyu daga cikin magungunan nan, shi ya sa na gaya wa Kawu a bar maganar doki tukuna, a ci gaba da kai shi gashi Kano kamar yadda aka saba.