Kuntigi ranar Asabar, sujada ranar Lahadi

1/ Jiya wani ƙane ya ga bidiyona a wurin biki, ya turo min saƙo: "Yaya, ba kai ke waƙa a coci ba? Me ya haɗa ka da kuntigi?" Na sha wannan tambayar har na gaji da amsa ta ɗaya-ɗaya. Ga zare, ku yi haƙuri da tsawonsa.

2/ Ni Kirista ne, haifaffen Bukuru, an yi min baftisma ina ɗan shekara 16. Sana'ata kuma kwaikwayon marigayi Ɗan Maraya Jos: babbar riga, hula, kuntigi, da muryar nan tasa. Da ita nake biyan haya da kuɗin makarantar yara uku.

3/ Ga waɗanda ba su tashi da shi ba: sunansa Adamu Wayya, shi ma ɗan Bukuru ne. Ba 'yan amshi, ba taron makaɗa irin na Shata. Shi kaɗai da gwangwani rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak. Ya yi wa karen mota waƙa, ya yi kan auren dole, ya yi kan gulma. Ya rasu 20 ga Yuni 2015, cikin azumi.

4/ A kaset ɗin babana na koye shi. Baba da karen mota ya fara kafin ya zama direba, don haka waƙar nan ji yake kamar tasa ce. Lahadi yana riƙe da littafin waƙoƙi, Litinin Ɗan Maraya na tashi a mota. Bai taɓa ganin faɗa a tsakaninsu ba.

5/ Bayan rasuwar mawaƙin, abokai suka matsa min in kwaikwaye shi a wani biki. Tsofaffi suka yi ta share hawaye. Daga nan waya ta fara ƙara: aure, suna, walimar ritaya, sai kuma wani otal duk Asabar. A lokacin ni ke jan waƙa a sujadar Hausa.

6/ 2018 dattawan ikilisiya suka kira ni. Laifi uku: waƙoƙin duniya, wasa a inda ake sayar da giya, da aron muryar wanda ba mai bi ba. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, bakin da ya nishaɗantar da mashaya daren Asabar ba zai ja mu sujada da safe ba."

7/ Ni kuwa na zo da shirina. Na kawo Dauda da ya yi wa Sarki Saul kiɗa, na kawo bikin Kana. Fasto ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Dauda in ya kaɗa, mugun ruhu ke barin wurin. Kai in ka kaɗa, me ke barin wurin?" Na yi tsit.

8/ Aka sa ni horo wata shida, na koma bencin baya. Matata ce ta fi shan kunyar, ita da ke zumuntar mata. Mama kullum, "Ka koma waldarka mana, ka huta, mu ma mu huta."

9/ Gaskiya na yi fushi. Na san irin waƙoƙin da DJ ke sawa a bikin 'ya'yan wasu dattawan. Kuma har yau ba wanda ya taɓa dawo min da zakkata ya ce kuɗin otal ne. To, wannan dai ƙorafi ne, na faɗe shi ne don ya fita daga raina.

10/ Abin da ya karya ni ba ya cikin laifuffuka ukun nan. Farkon 2019, ana ta hidimar zaɓe, aka gayyace ni taron wani babban mutum. Ba giya ko kwalba ɗaya. Da addu'a ma aka buɗe.

11/ Na san mutumin. Duk unguwarmu an san yadda ya raba wata gwauruwa da filin da mijinta ya bar wa yaranta. Ina tsakiyar wasa sai yaronsa ya raɗa min, "Sa sunan oga a ciki."

12/ Na sa. Na kira shi uban marayu. Da muryar Ɗan Maraya fa, jama'a. Liƙi ya fara zuba kamar ruwan Agusta, ni kuma ina ƙara gishiri. Abin da na samu daren nan ya fi na wata uku a otal.

13/ Na koma gida na ƙirga kuɗin sau biyu, na durƙusa zan yi addu'a, baki ya ƙi buɗewa. Kafin Lahadi bidiyon ya zaga WhatsApp. Gwauruwar nan kuwa cocinmu ɗaya. Bayan sujada ta tsaya ta ce, "Ɗana, na ji waƙarka. Murya ta fita." Ta wuce. Da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

14/ Nan na gane tarkon wannan sana'ar. Da zarar na sa rigar, sai in ce wa kaina ai ba ni ba ne, Ɗan Maraya ne, wasa ne kawai. Ƙarya nake. Bawan Allahn nan yana kabarinsa shekara uku da rabi a lokacin, bai ce komai kan filin kowa ba. Baki nawa ne, ni aka yi wa baftisma, ni kuma za a tambaya.

15/ Wannan karon da ƙafata na je wurin Fasto. Na kai wa matar abin da ya rage na kuɗin, don na riga na taɓa na haya. Ta ƙi karɓa: "Ba kai ka ci filina ba." Daga baya ta hannun zumuntar mata aka biya wa yaranta makaranta da shi. Ta sani, ba ta ce komai ba.

16/ Tun daga nan ba na kiran sunan kowa don liƙi, in ba ango da amarya da iyayensu ba. Asabar kuma 11 na dare na sauke kuntigi, ko nawa aka ɗaga min. Zaɓen 2023 ya zo ya wuce, abokan sana'a sun sayi motoci, ni ina kan babur ɗina. Ba zan ce bai yi min ciwo ba.

17/ Otal kam ban daina ba, kuma a nan ne har yau muke sāɓani da dattawa. Ni a ganina mutumin da ke gaban kwalba ya ji waƙa kan zaluntar mace ko sharrin gulma, bai yi asara ba. Su a ganinsu ina yi wa zunubi kiɗa. Wani lokacin in na kalli teburan nan da dare, nakan ce wataƙila suna da gaskiya.

18/ Wani abu kuma. Tun rikicin 2001 akwai unguwannin Jos da irina ba ya shiga haka kawai. Kuntigi ya kai ni biki Gangare, ya kai ni Unguwar Rogo. Sun san sunana, sun san inda nake sujada. In an kira salla nakan tsaya, in an idar mu ci gaba. Ban ce bishara nake yi ba, abinci na je nema. Amma sau da yawa har bakin titi ake rako ni.

19/ An mayar da ni ƙungiyar mawaƙa, amma ba a mayar min da jan waƙa ba, layin baya nake tsayawa. Dattijon nan har yau bai canza ra'ayi ba, muna gaisawa lafiya lau. Ƙanena mai tambaya, Asabar ɗin nan ina biki a Bukuru. Lahadi kuma sujadar Hausa ƙarfe 8, ka leƙa layin baya ta hagu.