Garin da Ya Ɓace da Rana Tsaka

Jama'a, gani ya kori ji. Na ga gari guda ya ɓace da rana tsaka, da gidajensa da jiragen ruwansa da majami'arsa, babu hadari, babu ɗigon ruwan sama. Tun daga ranar na kamu da bibiyar yanayin wannan gari, kullum sai na buɗe waya na duba daga ina iskarsa ke kaɗawa. Sunan garin Whitby, yana bakin Tekun Arewa a yankin Yorkshire na ƙasar Ingila, mutanensa dubu 13 ne da 'yan kai.

A watan Mayu ne, watan ƙarshe cikin ukun da Turawa ke ƙirgawa a matsayin bazararsu, wato Maris, Afrilu da Mayu. Mun taso daga Middlesbrough a jirgin ƙasa ni da wani ɗan'uwa mutumin Damagaram da muke karatu tare. Gari ya waye tas, labaran safe sun ce zafi zai haura digiri 20 a sassa da yawa na arewacin ƙasar. Jirgin yana bin kwarin kogin Esk yana tsayawa ƙauye-ƙauye, 'yan tumaki sabbin haihuwa suna ta tsalle a cikin ciyawa, kowa ya tuɓe rigar sanyi. Har Grosmont rana, har Sleights rana. Muna barin Ruswarp, tasha ta ƙarshe kafin Whitby, sai ɗan'uwan nan ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, dubi gabanka!" Wani farin abu ne ya tokare bakin kwarin, tsaye kyam, daga ƙasa har sama. Jirgin ya kutsa kai ciki, nan take duniya ta canza launi.

Kai! Muna sauka sanyi ya ratsa mu har ƙashi. Gilashin idon abokina ya jiƙe, 'yan ɗigon ruwa suka taru a gemunsa. Ana jin kukan tsuntsayen teku a bisa kanmu amma ba a ganinsu. Daga kan gadar da ta raba garin biyu ba ma iya hango ɗayan gefen kogin. Muka kama matakala 199 ɗin nan da ke hawa tudun gabas, muna hawa muna haki, sai ga kangon tsohuwar majami'ar da aka fara kafawa a shekarar 657 ya bayyana, ya sake nutsewa, ya sake bayyana. Rana na can sama, fara sol, har kana iya kallonta da ido ba ka runtse ba. Wanda ya san hazon hunturu a Kano zai ce ya san wannan abu, amma namu busar da leɓe yake yi ya fasa dunduniya, wannan kuwa jiƙa mutum yake yi sharkaf.

A bakin tashar jiragen kamun kifi muka tarar da wani dattijo zaune a kan akwati yana ɗinke ragar tarkon ƙaguwa, tarkunan jibge a bayansa sun fi tsayin mutum, igiyoyinsu na warin gishiri da kifi. Na gaishe shi na ce, "Baba, ina rana ta shiga?" Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Rana tana nan, ɗana. Koma mil biyu cikin ƙasa ka same ta. Wannan hazon fret muke ce masa, iska ce ta juyo daga gabas." Sannan ya nuna mini wasu matakalai da suka gangara cikin ruwa ya ce in je in tsoma hannu. Na tsoma. Wallahi ban iya barinsa ciki ba, yatsuna har zogi suke yi. Ya ce, "To, ka taɓa mai garin."

Maganar nan ta dattijo ita ta buɗe mini komai, don da na koma na bi diddigi sai na tarar kimiyya ma abin da ta ce ke nan. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafin rana, ruwa kuwa nawa gare shi. Tekun Arewa ba a tsakiyar hunturu yake kai ƙarshen sanyinsa ba, sai wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, inda yake sauka digiri 6 zuwa 7, kuma har watan Mayu da ƙyar yake taɓa 10. Wato lokacin da itatuwa ke toho, furanni na buɗewa, teku yana can baya da kusan wata biyu, yana riƙe da hunturu a cikinsa. Idan iska mai ɗumi da danshi ta bi ta kan wannan ruwa, sai ƙasanta ya huce, danshin ya dunƙule ya zama hazo a kwance a fuskar teku. Can kuma a kan tudu rana ta gasa ƙasa, iskar wurin ta yi sama, sai ta teku ta kwararo don cike gurbin, ta turo hazon cikin gari. Daga Afrilu zuwa Satumba aka fi ganinsa, kuma bambancin zafi tsakanin bakin ruwa da ƙauyen da ke 'yan mil kaɗan a ciki yakan kai digiri 10.

Ka ga abin mamakin? Kyawun ranar ne da kansa ke jawo hazon! Ranar da sauran Ingila ke murna, ita ce ranar da Whitby ke iya kwana cikin bargo.

Daga nan ne na fara karanta hasashen bazara da wani ido dabam. Hukumar yanayi ta Birtaniya, Met Office, tana fitar da hangen wata uku a kowane wata. Ba ta cewa za a yi kaza ranar kaza. Yiwuwa take bayarwa: idan babu wata alama ta musamman, damar a yi lokaci mai ɗumi kashi 20 ce cikin 100, mai sanyi kashi 20, matsakaici kashi 60, sai ta ɗaga wannan ta rage wancan gwargwadon abin da ta gani a tekun Atlantika da sararin sama. Kuma ƙasar baki ɗaya take nufi. Hukumar ta koyi wannan taka-tsantsan ne da wuya, don a Afrilun 2009 ta yi albishir da rani na gashin nama a waje, aka sha ruwa a Yuli, jaridu suka yi mata ca, har a 2010 ta daina fitar da irin wannan hasashe ga jama'a a tsohon salonsa. A ganina hangen nan na wata uku yana da amfani ƙwarai ga masu tsara ruwan sha da asibitoci da hanyoyi. Amma mutumin Whitby da ya ji an ce bazara za ta yi ɗumi da ƙarancin ruwan sama, tambaya ɗaya zai yi: a ina yankin babban matsin iska, mai kawo wannan yanayi, zai zauna? In ya zauna kudu, iska ta zo daga yamma, ta riga ta zubar da ruwanta a tsaunukan Pennine da tuddan North York Moors, sai ta sauko garin a bushe, da ɗumi, teku ya kwanta luf. Waɗannan su ne ranakun da babu kamarsu. In kuwa ya zauna arewa, wajen Sikotland ko Norway, iska ta juyo daga gabas, to yammacin ƙasar ne zai sha rana, Whitby ta sha hazo da ɗari. Lissafin ƙasa zai nuna bazara mai kyau a duk hali biyun.

Sai ta uku, iskar arewa, wadda ita masunta ke tsoro. Ko da yake Whitby a gabar gabas take, bakin tasharta arewa yake kallo, don haka taguwar ruwa kai tsaye take shigowa tsakanin dogayen katangun dutse biyu da suka miƙe cikin teku. Idan wannan iska ta haɗu da cikar teku, musamman a Maris da cika da janyewar ruwa ke kai maƙura, tazararsu kusan mita 5, babu ƙaramin jirgin da ke fita. Mutanen garin ba su manta da daren 5 ga Disamba 2013 ba, da teku ya haura ya shiga shaguna da gidajen bakin tasha.

Kuma bazarar nan ba ta da alƙawari. A matsakaici zafin rana a garin wajen digiri 9 zuwa 10 ne a Maris, ya kai wajen 14 a Mayu, amma dubi yadda shekaru ke saɓawa. Maris na 2013 shi ne mafi sanyi a Birtaniya tun 1962. A Fabrairun 2018, can sama da nisan kilomita 30 a kan ƙuryar arewacin duniya, iskar da ke kewayawa tana tsare sanyi ta yi ɗumi kwatsam ta wargaje, bayan kamar mako biyu sanyin Saberiya ya kwararo Turai, aka shiga Maris cikin dusar ƙanƙara, kuma gabar gabas ce ta fara karɓarsa. Sai ga 2025, bazara mafi ɗumi kuma mafi yawan hasken rana da aka taɓa rubutawa a ƙasar, har a watan Yuni aka ayyana fari a Yorkshire. Fari, a Ingila!

To me mutanen garin ke saurara? A ranar da muka je, dattijon nan ya ciro wata 'yar rediyo daga aljihun rigarsa, duk ta goge, an ɗaure murfin batirinta da salatif. Hasashen masu jiragen ruwa yake ji, wanda BBC ke karantawa bayan tsakar dare da kuma da asuba. An yanka tekunan da ke kewaye da Birtaniya gida 31, kowanne da sunansa, wanda ke gaban Whitby shi ne Tyne. Akwai kuma hasashen ruwan kusa da gaɓa, kuma garin ne kan iyakar yankuna biyu, ɗaya daga Berwick zuwa Whitby, ɗaya daga Whitby zuwa Gibraltar Point, saboda haka masuntansa duka biyun suke ji. Abin da ya burge ni har raina shi ne babu kalmar banza a ciki. Da farko inda iska ta fito, sannan ƙarfinta a ma'aunin Beaufort, in ta kai 8 guguwa ce. In aka ce guguwa ta kusa, cikin awa 6 ake nufi. In aka ce nan gaba kaɗan, awa 6 zuwa 12. In aka ce hazo, ganin ido bai kai mita 1,000 ba. Mutum ya ji, ya san ko zai kwance igiya ko zai koma ya kwanta.

Da rayuka aka sayi wannan tsari. Ranar 9 ga Fabrairu 1861 guguwa ta yi ta jefo jirage bakin Whitby, jirgin ceto na garin ya yi ta kai-komo yana tsamo mutane har taguwa ta kife shi, mutum 12 suka rasu a gaban idon iyalansu. Ɗaya ne ya tsira, Henry Freeman, shi kaɗai ke sanye da sabuwar rigar ceto mai hana nutsewa. A wannan watan ne kuma Robert FitzRoy, shugaban hukumar yanayi na farko, ya fara aika gargaɗin guguwa ta wayar tangaraho zuwa tashoshin ruwa. Hazon ma an yi masa tanadi: a kan dutsen da ke kudu maso gabashin garin, kusa da hasumiyar fitila da aka gina a 1858, akwai manyan ƙahonin da a da ke ruri idan gari ya rufe, har mutane suka laƙaba musu Bijimin Hawsker. An daina busa su a ƙarshen shekarun 1980, amma suna nan a kan rufin ginin.

Abu ɗaya ne kawai a bazarar Whitby da ba ya saɓawa, shi ne tsawon yini. A farkon Maris bai cika awa 11 ba, a ƙarshen Mayu ya doshi 17. Musulmin da ke zaune a wannan yanki ya fi kowa sanin haka, don kusan kowane mako sai ya gyara agogon Asuba, Isha kuma tana ta ja da baya cikin dare.

A ranar ziyararmu, wajen La'asar iska ta ɗan karkata kudu. Hazon ya fara yagewa daga sama, jajayen rufin gidaje suka fito, sannan jiragen, sannan katangun tasha har ƙarshensu, yara suka ruga bakin yashi da bokitansu. Matar da ta sayar mana da soyayyen kifi da dankali ta ce cinikinta na Ista da hutun Mayu duk a hannun iskar nan yake, don baƙi daga Leeds da York kan iso, su ga fari fat, su juya motocinsu.

Ɗan'uwa, in Allah ya kai ka arewa maso gabashin Ingila tsakanin Afrilu da Yuni, ka je Whitby, ya cancanci tafiyar. Kafin ka fita, kada ka tsaya a kan lambar zafi da hoton rana da wayarka ta nuna. Duba 'yar kibiyar iska. In daga yamma take, tafi da 'yar shararka. In daga gabas ko arewa take, ɗauki rigar sanyi mai kauri, kuma in za ka taka yashin da ke ƙarƙashin duwatsu, tambayi lokacin cikar teku tukuna.