Zamanin da Duniya Take Rataye a Bangon Ajinmu

Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa a ƙarshen shekarun 1970 ya san irin gatan da muka samu. Gwamnati ce ke ba da littattafai da kayan sawa da sabulu, har da kuɗin motar komawa gida idan hutu ya zo. In tsofaffin ɗalibai suka haɗu a wajen ɗaurin aure, sai ka ji ana ta tuna abinci da wasan ƙwallo da horon manyan ɗalibai. Ni kuwa darasin tarihin duniya ne ya fi tsaya mini a rai.

Akasarinmu 'ya'yan manoma ne da 'yan koli, wanda ya fi kowa nisan tafiya a cikinmu bai wuce Kaduna ba. Duk da haka, kafin mu gama aji biyar mun san yadda talakawan Faris suka fasa kurkukun Bastil a 1789, da yadda aka karya lagon Napoliyon a Watalu a 1815, da yadda Bismak ya ɗinke Jamus a 1871. Littafin Peacock kan tarihin Turai ya sha hannu har bangonsa ya rabu da shi. A lokacin akwai malamai daga Indiya da Pakistan da Gana, amma mai koyar da mu tarihi ɗan gida ne, sabon fitowa daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda Abdullahi Smith ya kafa sashen tarihi, su Yusufu Bala Usman kuma suke ganiyarsu. Wannan tarbiyya ta bi shi har aji. Bai taɓa yarda ya bar mu a Turai ba, duk inda ya kai mu sai ya dawo da mu gida.

Ba na mantawa da yadda ya koyar da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya ɗora tsinin sandarsa a kan Sarayebo a taswirar da ke bangon aji, inda wani saurayi ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya ranar 28 ga Yuni, 1914. Sai ya janyo sandar a hankali har ta tsallake Sahara, ta tsaya a Garwa ta ƙasar Kamaru. Ya ce wata biyu kacal bayan wannan harbi, sojojin da Ingila ta ɗiba daga ƙasarmu suna can suna gwabzawa da Jamusawa a bakin Binuwai. Garwa ta faɗi a 1915, Jamusawan da suka maƙale a dutsen Mora kuwa sai a 1916 suka miƙa wuya. Bayan yaƙi Ingila da Faransa suka raba Kamaru a tsakaninsu, kuma ɓangaren arewa na rabon Ingila ne ya zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, ya zama Lardin Sardauna. Akwai yaran Mubi a ajinmu. Malam ya dube su ya ce, "To kun ji yadda harsashin Sarayebo ya kawo ku wannan aji." Ajin ya yi tsit. Daga ranar babu wanda ya sake cewa tarihin Turawa bai shafe mu ba.

Da muka zo kan yaƙi na biyu ma haka ya yi. Ya bi da mu ta yarjejeniyar 1919 da ta ɗora wa Jamus tara mai nauyi, da hawan Hitila mulki a 1933, da mamayar da Musolini ya yi wa Habasha a 1935 manyan ƙasashe suna kallo. Sannan wata ranar Alhamis sai ga shi ya shigo da maigadin makaranta, wani dattijo da kullum muke wucewa mu gaishe shi ba tare da mun san ko wane ne ba. Ashe mazan jiya ne, yana cikin runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma da aka kai Bama. Malam ya ba shi kujerarsa, shi ya koma gefe ya tsaya. Dattijon ya ba mu labarin makonnin da suka yi a jirgin ruwa kafin su sauka Indiya, da dajin kwarin Kaladan inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shiga cikin takalmi, da yadda jirgin sama ke jefo musu abinci. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, kun ga Hitila da idonku?" Ya yi murmushi ya ce, "A'a ɗana, mu Japanawa muka yaƙa. Abokaina da yawa suna can, ba su dawo ba." Tun daga nan har durƙusawa muke yi in za mu gaishe shi.

Rediyo ma malami ne. Da dare mukan kewaye 'yar ƙaramar rediyon wani mu saurari BBC da Muryar Jamus da Masko, mu ji kowacce da yadda take ba da labari ɗaya. A kunnenmu aka kifar da Sarkin Iran a 1979, Rasha ta shiga Afganistan a ƙarshen shekarar, Zimbabuwe ta sami 'yanci a 1980. Gardama kan Amurka da Rasha takan kai mu tsakar dare, kuma duk wanda ya yi magana sai an ce masa ya kawo hujja.

Jarrabawa kuwa ba ta zaɓi-ka-cika ba ce. Rubutu ake yi har yatsu su sage. In an kashe injin wuta sai mu kunna fitilar ƙwai, wasu har su tsoma ƙafa cikin bokitin ruwan sanyi don korar barci. Malam yakan ce kada mu kawo masa shekaru tsirara, yana son dalilai na nesa da na kusa, da abin da ya biyo baya. Har yau in na ji an yi juyin mulki ko rikici ya ɓarke a wata ƙasa, wannan tambaya ce take fara zuwa mini.

Shi ya sa raina ya ɓaci lokacin da aka cire tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin wasu darussa. Yara masu yawa sun tashi suna ganin yaƙin Yukiren da na Sudan a wayoyinsu, ba wanda ya nuna musu inda zaren ya faro. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da darasin, kuma abin a yaba ne. Sai dai takarda ba ta shiga aji ta koyar. Ina roƙon gwamnonin Arewa su ɗauki ƙwararrun malaman tarihi, su biya su yadda ya kamata, su sa a rataya taswira a kowane aji. Iyaye kuma, in har akwai dattijo a gidanku da ya ga jiya, ku zaunar da yaranku a gabansa tun yana da rai.