Kwaɗon da ya kusa watsa mana majalisa

Mu bakwai ne, kuma duk daren Asabar bayan Isha'i muna haɗuwa a nan Sabo, bayan shagon ɗayanmu, mu baje takardu a kan benci. Akwai tela, da 'yan canji biyu, da mai gyaran waya, da direba, da ɗalibai biyu na jami'ar Ibadan. Wani dattijo ya taɓa leƙo mu ya ga muna jefa 'ya'yan ludo, ya ce, "Kai samari, caca a unguwar nan?" Muka ce, "Baba, ko sisi babu a ciki, tatsuniya muke yi." Ya ɗan saurara, ya ce Allah ya shirya, ya wuce.

Gaskiya muka faɗa masa. Wasan daga Amurka ya fito, sunansa Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974. Mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa na riƙe da jaruminsa a rubuce a takarda: ƙarfinsa, wayonsa, sana'ar da ya iya. In jarumi ya ce zai haura katanga ko zai yaudari mai gadi, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20, a ƙara masa makin gwanintarsa, a ga ko ya ci. Mu dai dodannin Turawa ba su dame mu ba. Duniyarmu ta ayarin fatake ce, irin masu ɗaukar kanwa su ƙetare Kwara su nufi Gwanja sayen goro, da madugu da jagaba da jakuna da 'yan fashi a hanya. Tun farko mun ce sihiri a wannan duniya kaɗan ne, abin da ake ji a labari ne, ba a cika gani da ido ba.

Sai dai faɗa da baki daban, abin da littafin dokoki ya ba mutum daban. Telanmu ya zaɓi ɓarawon da ya tuba, gwanin kwaɗo da sanɗa. Wata uku yana tara maki, duk abin da ya samu a hannu yake zuba shi. Ranar da labari ya kai mu rumbun wani azzalumin sarki inda aka kulle kayan ayarinmu, kowa ya san darensa ne. Yana cikin bayanin yadda zai lanƙwasa waya, sai ƙaramin ɗalibin, mai riƙe da boka, ya ce, "Yaya, bari kawai, ina da na buɗe ƙofa." Ba jifa, ba fargaba, ƙofa ta buɗe. Masu gadi suka taso, ya sa su barci. Ɗayan ɗalibin kuma yana da wani sihirin da ke fito da 'ya'yan itace 10, kowanne ɗaya ya riƙe cikin mutum yini guda, don haka maharbin direbanmu ya yi makonni ba wanda ya nemi ya harbo ko zomo.

Tela ya ninke takardarsa ya ce, "To ni me na zo yi? Ɗinkin mutane fa na ajiye." Asabar biyu bai zo ba. Wanda bai san mu ba zai ce ai wasa ne. Amma mutumin nan yana rufe shago da wuri a daren da ya fi samun aiki, kuma a garin da ba namu ba, wannan benci ne wurin da yake zama ya yi Hausa ta awa uku ba maganar kuɗi a ciki.

Rigimar ta girme mu. A 1975 aka shigo da ɓarawo cikin wasan, a ƙaramin littafin Greyhawk, kuma sabon ɓarawo damarsa ta buɗe kwaɗo kashi 15 ce cikin 100, alhali mai sihiri in ya riƙe na ƙofa ba ya kuskure. Gygax ya aro birki daga littattafan Jack Vance: boka ya haddace sihiri da safe, yana sakinsa ya goge daga kansa sai gobe. Bugun 2014, wanda muke amfani da shi, ya ƙara cewa na buɗe ƙofa yana yin ƙara da za a ji daga nisan ƙafa 300. Dabara ce mai kyau, a takarda. A wajenmu ba ta yi aiki ba, tunda wanda ya tashi masu gadin shi ne ya kwantar da su. Wasu wasannin sun bi ta wata hanya. RuneQuest na 1978 ya ba kowace sana'a kasonta cikin ɗari, tana ƙaruwa in ana aiki da ita. Call of Cthulhu na 1981 ya sa sihiri ya riƙa cin hankalin mai yinsa. Masu Adventures in Middle-earth kuwa, a 2016, cire masu jefa sihiri suka yi daga jerin jarumai gaba ɗaya, suka huta.

Mu ba mu cire ba. Mai gyaran waya, wanda shi ke jan labari, ya tuna mana yadda ake ba da labarin layar zana da baduhu da maganin ƙarfe a hirar da muka taso muna ji. Ko a bakin mai ƙarya, ba a taɓa cewa abin ya zo a arha ba. Sai an nemo wani abu mai wuyar samu, sai an kwana ana haɗi, kuma kullum da sharaɗi, ka karya ya karye. Wannan muka mayar doka. Yanzu bokanmu in yana son ɓacewa, sai ya faɗa tun jiya, ya kwana bai runtsa ba, gobe ya yi tafiya a gajiye. Kayan haɗin kuma ba ya samunsu da kansa: gashin kura sai maharbi, turaren da ke ɗakin sarki sai ɓarawo, saiwar da ake sayarwa a kasuwar Salaga sai falke ya yi ciniki. Nan ne abin ya yi daɗi, domin sihiri ɗaya ya koma aikin mutum huɗu, kuma labarin satar turaren ya fi na ɓacewar armashi nesa ba kusa ba. Na buɗe ƙofa da na 'ya'yan itace kuwa mun soke su. Abin da hannun wani a majalisar ya iya, ba a ba sihiri.

Ɗalibin bai yarda da sauƙi ba, kuma yana da hujja. Ya ce, "Haba Yaya, a faɗa ni ne na farkon faɗuwa, takobi ba na iyawa, sulke ba na sawa, yanzu kuma ɗan abin nawa kun sa masa haraji?" Bokan da ba ya iya komai sai ya kwana shi ma zaman ɗumama benci zai yi, mun dai sauya wanda zai yi fushi ne kawai. Sai muka cika masa takarda da sani: shi ke karanta wasiƙa, shi ya san ganye, yana jin harsuna uku na hanya, kuma in ya shiga ƙauye ana tsoronsa, wanda wani lokaci ya fi sihirin amfani, wani lokaci kuma ya sa a hana ayarin ruwa. Biyu daga cikinmu dama ba sa taɓa jarumi mai tsafi ko a wasa, sun ce zuciyarsu ba ta kwanta ba, ba kuma wanda ya matsa musu. Su wannan sauyi ya fi yi wa daɗi.

Tela ya dawo. Kwaɗo na farko da ya samu ya jefa 3, waya ta karye a ciki, aka kama shi, muka kwashe dare biyu muna neman yadda za mu fanshe shi da goro ƙwarya biyar da ba namu ba. Bai taɓa dariya irin ta ranar ba.

Abin da ya rage mana shi ne warkarwa. Littafi ya ce barcin dare ɗaya na mayar wa jarumi lafiyarsa duka, ko da mashi aka soke shi. Direba ya ce in haka ne wanzamin da yake son ɗauka a sabon labari ba shi da aiki, a mayar da jinya mako guda. 'Yan canji sun ce ba za su zauna kallon majinyaci ba alhali madugu na jira damina na matsowa. Mai jan labari ya ce kowa ya zo da lissafinsa a rubuce ranar Asabar, kuma wanda ya makara shi zai sayi shayi.