Jinyar Wanda Ake Yi Wa Gashin Ciwon Daji

Mu da muke zuwa gaida marasa lafiya mun saba jin magana guda a bakin baƙi: "Kwanta ka huta, kada ka motsa." Ga mai zazzaɓi daidai ne. Amma wanda ake yi wa gashin ciwon daji, wato ana haska masa wani haske mai ƙarfi daga inji domin a kashe ƙwayoyin ciwon, tasa jinyar dabam ce.

Gashin na minti kaɗan ne kowace rana, Litinin zuwa Jumma'a, amma yakan kai mako 5 ko 7. Mutanenmu da yawa sai sun tafi Zariya ko Abuja ko Sakkwato, nesa da tukunyar gida.

Mun ga wannan a kan wata uwa ta ikilisiyarmu da aka yi wa gashi a maƙogwaro. A mako na 3 bakinta ya yi miki, yawu ya bushe, tuwo ya ƙi wucewa. Likita ya ce lalle kada ta rame, gama an auna wuyanta tun farko domin hasken ya sauka daidai wurin ciwon. In ta zube sai an sake awo, kwanaki kuwa su tafi a banza.

Koko shi kaɗai ba ya riƙe jiki, ko da yake shi muka fi kai wa majinyaci. Matan zumunta suka koma dama mata kunun gyaɗa da madara, suna kawo dafaffen ƙwai, alale mai laushi, faten wake, da kifin da aka cire wa ƙaya. Kaɗan kaɗan, sau 6 a yini, da ruwa a kusa kullum. Ba barkono, ba tsamiya, ba abinci mai turiri.

Sai gajiya. Irin wannan gajiya barci ba ya kawar da ita, likitoci kuwa sun gane 'yar tafiya tana rage ta. Ɗanta yakan riƙe hannunta da yamma su yi minti 10 suna takawa, ta rufe wuyanta da mayafi mai taushi saboda rana. Ran da ta ji jiri ko zazzaɓi sai a fasa, a gaya wa likita.

Waɗansu maƙwabta sun so a ware mata kwano. Hasken inji ba ya zama a jiki bayan an fito, ciwon kuma ba a ɗaukarsa. Muka zauna muka ci tare da ita, ranar kuwa ta cinye alalenta duka.